Yadda muka auna maganaɗisun ƙasa a karkarar Jigawa, daga takardar izini zuwa taswira

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Birnin Kudu ya ratsa Dutse ya nufi Haɗejiya, ya ga yadda ƙasa take sauya kama. Da farko duwatsu ne tsirara a gefen hanya, a hankali su yi ƙaranci, can sai yashi da jigayi iyakar ganin ido. Duwatsun suna nan, nutsewa suka yi ƙarƙashin yashi da yumɓun da masana ke kira Shimfiɗar Chadi, wadda kaurinta yake ƙaruwa idan aka nausa arewa maso gabas. Aikin da muka yi a wani ƙauye da ke kan wannan gaɓa shi ne gano zurfin dutsen tushe da wuraren da ya tsage, ta hanyar auna maganaɗisun ƙasa. Awon kansa kwana 9 ya ci. Shirin da ya gabace shi da lissafin da ya biyo baya sun ci fiye da wata uku, kuma mafi yawan lokacin da ya salwanta ya tafi ne a kan abubuwan da littattafan da aka rubuta don Turai da Amurka ba sa tsayawa a kansu. Ƙasarmu tana da nata hali a wannan fanni, don haka zan jero matakan yadda suka zo mana.

Duniya kanta ƙaton mayen ƙarfe ce. Ƙarfin maganaɗisunta a Kano da Jigawa yana wajen nanotesla 34,000, nanotesla kuwa ita ce ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Duwatsun da ke ɗauke da ma'adinin magnetait, wanda yake cikin baƙin yashin nan mai nauyi da ake gani a bakin rafi idan ruwa ya janye, suna ƙara wa wannan adadi ko su rage masa 20, ko 50, wani lokaci 'yan ɗaruruwa. Yashi da yumɓu kusan ba su da tasiri, shi ya sa na'urar awon maganaɗisu take jin dutsen da ke binne a ƙarƙashinsu. Abin da ake nema ke nan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da na'urar ke karantawa ba, kuma duk wahalar aikin tana wajen tsame wannan ɗan kaɗan daga cikin tarin abin da ba shi ake so ba.

Mun fara da neman bayanan da aka riga aka auna ta jirgin sama. Hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya, NGSA, mai hedikwata a Abuja, ita ke riƙe da su. Kamfanin Fugro ne ya yi mata awon tsakanin 2005 da 2009, jirgin yana tafiya mita 80 sama da ƙasa, da tazarar mita 500 tsakanin layi da layi. An yanka bayanan fallaye-fallaye, kowane falle rabin digiri ne a tsaye da kwance, wato kimanin kilomita 55 kowane gefe. Abin da muka haɗa shi ne wasiƙa daga shugaban sashe a kan takardar makaranta mai hatimi, da katin shaida, da suna da lambar fallen da ake so, da rasit na biyan kuɗi. Kafin ka biya, ɗora iyakar yankinka a kan taswirar fallayen ka duba da kyau. Namu yankin ya faɗa kusa da bakin falle, dole muka koma muka nemi na maƙwabcinsa, domin lissafin da ake yi a gefen falle ba abin dogaro ba ne. Wannan komawar ta ƙara mana mako biyu. Idan bayanan suka zo hannu, tambayoyi uku ne wajibi: shin an cire babban maganaɗisun duniya daga ciki, shin an rage wani tsayayyen adadi kamar 33,000 don lambobin su gajarta, sannan da wane tsarin taswira aka ba da wuraren. Kano da Jigawa suna cikin yanki na 32 na tsarin UTM, amma tsofaffin taswirorin safiyo an gina su ne a kan ma'aunin Minna, GPS kuma yana aiki da WGS84. Wanda ya cakuɗa su zai ga rijiya ta gusa gomman mitoci daga inda take.

A bayanan jirgin muka hango wani siririn layi da ya taso daga kudu maso yamma ya miƙe arewa maso gabas. Tazarar mita 500 ba za ta nuna faɗinsa ko ainihin inda ya bi ba, shi ya sa aka sauka ƙasa da ƙafa.

Izini ya fi komai cin haƙuri. Wasiƙarmu ta farko mun rubuta ta ne ga "duk wanda abin ya shafa", sai ta kwana uku a sakatariyar ƙaramar hukuma babu wanda ya ga tasa ce. A rubuta ta kai tsaye ga shugaban ƙaramar hukuma, a yi kwafi huɗu, a bayyana ranakun aiki da sunayen ƙauyuka da adadin mutane, a faɗa a fili cewa babu haƙa, babu ɗibar ƙasa. A tsaya har a buga wa kwafinka hatimin karɓa. Daga nan aka ba mu takarda zuwa ga hakimi, aka kuma shawarce mu da mu kai kwafi ofishin 'yan sanda, muka kai, muka bar lambar wayar jagoran aiki. Wanda yake neman ma'adinai don kasuwanci nasa ya wuce nan, domin dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora masa neman lasisin bincike daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya. A fadar hakimi mun jira daga hantsi har bayan azahar saboda ana sauraron wata shari'ar gona, kuma jira ne da ya dace, don takardar da magatakardansa ya rubuta wa dagaci ita ce ta buɗe mana ko'ina. Ga dagaci an je da goro, an tuɓe takalmi, an gaisa yadda ya kamata. Da ya gama sauraro sai ya ce, "To samari, ruwa kuke nema ko fetur?" Jagoranmu ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wannan na'ura ba ta ganin ruwa, ba ta ganin mai. Tsagar dutse take nunawa, a tsagar kuma wani lokaci akan dace da ruwa, wani lokaci ba a dacewa." Dagaci ya ce, "Madalla, gara da kuka faɗi haka." Ina roƙon duk mai zuwa irin wannan aiki kada ya yi alkawarin rijiyar burtsatse don a sakar masa fuska. Mutanen da matansu da 'ya'yansu ke sammakon ɗibar ruwa ba za su manta da alkawarin ba, kuma wanda ya zo bayanka shi zai biya bashin. Dagaci ya sa aka yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ya haɗa mu da wani dattijo da ya san iyakar kowace gona, ya kuma aika wa Arɗo, saboda layukanmu biyu sun ratsa burtali sun bi ta gefen ruga. Ba don wannan sanarwa ba, baƙi huɗu da ke tafiya a miƙe cikin gonaki da doguwar sanda da akwati a ƙirji, ba abin da za a ɗauka sai gwamnati ce ta zo yanka filaye.

Na'urori biyu muka aro daga wani sashen jami'a, irin waɗanda ke aiki da furoton, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin ƙwayar zarra. An cika fom, malami ya tsaya mana, aka sharɗanta ma'aikacin ɗakin gwaji ya bi kayan, masaukinsa da abincinsa a wuyanmu. Kan na'urar wata 'yar kwalba ce cike da ruwa mai kama da kananzir, an naɗe ta da waya. Idan aka danna, lantarki yana jera furoton ɗin da ke cikin ruwan, idan ya ɗauke sai su riƙa juyawa kamar katantanwa, saurin juyawar kuma shi ne ma'aunin. A ƙarfin 34,000 suna juyawa wajen sau 1,450 a daƙiƙa. Kada a karɓi na'ura a tafi da ita daji ba a gwada ba. Mun kai su wani fili nesa da gini, ɗaya tana ba da lamba ɗaya a kai a kai, ɗayar tana tsalle da ɗaruruwa. Ba lalacewa ta yi ba. An bar saitinta a wajen 48,000, ƙarfin da ake samu a Turai, da aka dawo da shi 34,000 sai ta natsu. Abu na biyu shi ne yadda ake ɗora kan na'urar. A ƙasashen arewacin duniya maganaɗisu yana nutsawa ƙasa ne a tsaye-tsaye, a nan kuwa a kwance yake daga kudu zuwa arewa, domin muna dab da ikwaitar maganaɗisu, wato layin da ya zagaye duniya inda maganaɗisu yake kwance sarai. Naɗin wayar yana bukatar ya gitta wa maganaɗisun, idan ya bi tsawonsa sigina takan raunana. A buɗe littafin na'urar a nemi shafin da ya yi magana a kan yankunan ikwaita, sannan a tabbatar da ido: a juya kan a hankali ana kallon ƙarfin sigina, inda ya fi ƙarfi a yi alama da fenti. Na uku, a jera na'urorin biyu a wuri guda a ɗauki awo goma-goma, a rubuta bambancin da ke tsakaninsu. Namu nanotesla 3 ne, kuma an cire shi a lissafi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, an cire gero da dawa, an kwashe kara, sanyin hunturu bai wuce ba. Da damina ba a ratsa gonar mutane, da bazara kuma zafi yana kashe batir yana dusar da allon na'ura. Mun yanki fili mai tsawon kilomita 3 da faɗin kilomita 2, muka ja layi 11 da tazarar mita 200, ana tsayawa a auna kowace mita 20. Tasha 151 ke nan a kowane layi. Muka ƙara layi biyu masu gittawa daga gabas zuwa yamma don a gwada awo da awo a mahaɗa, jimilla tasha 1,863. Layukan daga kudu zuwa arewa aka ja su, kuma a ƙasarmu wannan ba zaɓi ba ne. Inda maganaɗisu yake kwance, jijiyar dutse da ta miƙe gabas da yamma tana fitowa sarai, wadda ta miƙe kudu da arewa kuwa kusan ba ta barin alama. Rashin ganin tsaga mai bin kudu da arewa a taswirar maganaɗisu a nan ba hujja ba ce cewa babu ita.

Na'ura ɗaya tana yawo, ɗaya tana zaune wuri guda tana ɗaukar awo kowace daƙiƙa 30, kuma ta zaunen ita ce ran aikin. Ga dalili. A can sama, kimanin kilomita 100 zuwa 110, akwai wani kogin lantarki da ke kwarara gabas da rana a kan ikwaitar maganaɗisu, kuma muna ƙarƙashinsa. Da safe awo yana nan shiru, da hantsi ya fara hawa, wajen ƙarfe 11 zuwa 12 ya kai ƙololuwa, sannan ya sauko da la'asar. Hawan yakan kai nanotesla 100 ko ya wuce, alhali alamar tsagar da muke bi ba ta wuce 40 ba. Shawarar da ke cikin wasu littattafai, cewa mai na'ura ɗaya ya riƙa komawa tashar farko duk bayan awa biyu, ba ta wadatarwa a nan. Wanda dole ta sa shi aiki da guda ɗaya, ya koma duk minti 40 zuwa awa ɗaya, ya kuma ajiye aiki tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2. Mu da muke da biyu ma mun fi yin awo daga fitowar rana zuwa hantsi, mu dawo bayan la'asar. Mun kafa ta zaunen a kan wata jigawa mai nisan mita 300 daga gidan ƙarshe. Kafin a kafa, an auna taku biyar gabas, yamma, kudu da arewa, aka ga bambancin bai wuce nanotesla 2 ba. Turken itace aka kafa, babu ƙusa, aka ɗaure da igiyar kaba, aka yi mata inuwa da zana. Mai gadinta dattijo ne, aka roƙe shi ya zauna nesa da taku talatin, ba rediyo, ba keke, ba gatari, ya kuma hana yara da awaki matsowa. A rana ta huɗu batirinta ya mutu wajen ƙarfe 9 da rabi ba mu sani ba sai da yamma. Duk abin da aka auna bayan wannan lokaci, kusan layi guda, ya tashi a banza, aka sake shi washegari. Ranar kowa ya kwana da ɓacin rai, don ƙarangiyar layin ta fi ta ko'ina yawa. Tun daga nan batir biyu muke ajiyewa, ana cajinsu da dare a shagon mai sola, kuma wani yana zuwa ya leƙa allon sau biyu kafin azahar.

Akwai kuma guguwar maganaɗisu da ke zuwa daga rana. Ana bayyana ƙarfinta da ma'aunin Kp, daga 0 zuwa 9, kuma hukumar NOAA ta Amurka tana wallafa hasashensa a intanet kyauta. Inda sabis ya yi ƙaranci sai a sa wani a birni ya riƙa turo shi ta saƙon waya kowace asuba. Idan ya kai 5 a huta. Guguwar 10 da 11 ga Mayun 2024 ita ce mafi ƙarfi tun 2003, kuma duk wanda ya yi awo a waɗannan ranaku babu gyaran da zai ceci lambobinsa.

Mai riƙe na'urar yawo sai ya rabu da duk ƙarfen jikinsa: waya, makullai, agogo, bel mai kan ƙarfe, tabarau mai firam ɗin ƙarfe, zobe idan ba a tabbatar da azurfa ce zalla ba, takalmi mai ƙusa ko idon ƙarfe. Wando mai mazagi da takalmin roba sun fi komai. Gwajin mai sauƙi ne. Ya tsaya wuri guda ya auna yana fuskantar gabas, sannan yamma, kudu, arewa. Idan lambar ta sauya fiye da nanotesla 1 ko 2, akwai abin da ya rage a jikinsa. Namu sai da aka kai ga ƙaramar wuƙar yankan farce a aljihun gaba. Mai GPS yana tafiya gaba, ya yi alama a ƙasa da ƙafa, ya matsa aƙalla taku goma kafin a danna. Mai rubutu yana baya. Kan na'urar yana bisa sanda mai tsawon wajen mita 2, kuma tsawon nan kada ya sauya daga tashar farko har ta ƙarshe. A kowace tasha mukan danna sau uku, idan ukun sun yi kusa a wuce, idan sun watse a duba kewaye. Littafin rubutu daidai yake da na'urar a muhimmanci, domin lamba ba ta zuwa da bayanin abin da ya haife ta. Rufin kwano, famfon tuƙa-tuƙa, taransifoma, amalanke, garmar shanu da aka bari a kunya, babur da ya gitta, duk sai an rubuta su da nisansu. Mun riƙa barin mita 50 tsakaninmu da gida mai kwano ko mota, mita 100 da manyan wayoyin lantarki, inda ba a iya kaucewa kuma a tsallake tashar a rubuta dalili. Abubuwa biyu ne ba a gani da wuri. Na farko marmara: inda take kusa da sama, awo yakan yi ta tsalle da 10 zuwa 30 tsakanin tasha da tasha, kuma maganinsa ɗaga kan na'urar sama a duk aikin, ko tace lambobin daga baya. Na biyu ya faru a layi na bakwai, inda awo ya yi tsallen fiye da 300 a tasha uku kacal. Dattijon da ke rakiyarmu ya tona da ƙafa ya ɗago wani baƙin dunƙule mai ramuka ya ce, "Ɗana, kashin tama ne, nan maƙeran da suke narka ƙarfe." Ƙasar Hausa cike take da irin waɗannan tsofaffin matoya, tun daga gindin Dala. Alamar da ta tashi ta faɗi cikin mita 40 ko 60 daga sama-sama take, ba daga dutsen da ke zurfin mita 50 ba. Maƙabarta kuma ba a ratsa ta, a zagaye a bar giɓi a layin.

Kowane dare a sauke lambobin a kwamfuta, a yi gyaran ranar kafin a kwanta. Mun jinkirta wannan har kwana uku, kuma da aka zo yi sai layukan suka ƙi haɗuwa: a mahaɗa ana samun saɓanin 25 zuwa 40, taswira ta fito da zane-zane kamar saƙi. Yini guda aka yi ana zargin na'ura. Ashe agogo ne. Na'urar yawo an daidaita ta da lokacin GPS, wato na Girinwic, ta zaune kuma an saita ta da agogon hannu, lokacin Nijeriya, wanda ke gaba da awa ɗaya. Awon ƙarfe 9 ana gyara shi da na ƙarfe 8, a daidai lokacin da maganaɗisu ke hawa da sauri. Da aka gusar da awa ɗayar, saɓanin ya sauko ƙasa da 3. Kariyar ita ce a saita agogon na'urorin biyu tare kowace safiya har zuwa daƙiƙa, a kuma ware turke ɗaya kusa da masauki da za a auna kullum a farkon aiki da ƙarshensa. Bayan gyara, lambar turken nan ya kamata ta zama ɗaya kowace rana.

Lissafin ofis ya bi wannan jeri. Aka cire sauyin yini ta hanyar ɗebe abin da ta zaune ta nuna a daidai daƙiƙar kowane awo. Aka cire babban maganaɗisun duniya da ƙiyasin IGRF, wato lissafin ƙasa da ƙasa da ke ba da ƙarfinsa a kowane wuri, wanda ake sabuntawa duk shekara biyar, don haka a tabbatar an sa ranar awo daidai. Aka bi littafin rubutu aka goge tashoshin da ƙarfe ya ɓata, guda 60 da wani abu. Sannan aka shimfiɗa lambobin a raga mai ido mita 50, rubu'in tazarar layi. Daga nan ne kuskuren da ya fi yawa a rubuce-rubucen ɗalibai yake shigowa. Manhajoji irin su Oasis montaj suna da wani mataki da ke mayar da taswira kamar a ƙuryar arewacin duniya aka auna ta, don alama ta zauna daidai kan dutsen da ya haife ta. A Turai yana aiki lafiya. A nan, inda maganaɗisu yake kwance, lissafin yana rikicewa ya haifar da dogayen zane daga kudu zuwa arewa waɗanda babu su a ƙasa, kuma na ga an fassara irinsu a matsayin tsagogi. Maimakon haka a mayar da taswirar kan ikwaita, ko a yi amfani da lissafin da ake kira analitik sigina, wanda ke ɗora ƙololuwa kan gefen dutsen ba tare da ya damu sosai da karkatar maganaɗisu ba. A kuma tuna cewa a nan dutse mai yawan magnetait yana bayyana ne da raguwar awo a kansa, da ɗan hawa a kudu da arewacinsa. Wanda ya ɗauki jan launi a taswira, wato inda awo ya hau, a matsayin wurin dutse mai ƙarfi ya karanta ta a juye. Wajen ƙiyasin zurfi da hanyar Euler, lambar siffa da aka zaɓa ita ke juya sakamako: 0 ga mahaɗar duwatsu iri biyu, 1 ga jijiya, 2 ga mai siffar bututu, 3 ga dunƙule. Idan aka ɗaga lambar fiye da kima zurfi ya ƙaru, idan aka rage ya ragu, saboda haka a gwada aƙalla biyu a bayyana dalilin zaɓi.

Abin da ya fito mana shi ne layin nan da jirgi ya hango, faɗinsa bai kai mita 100 ba, ya ratsa yankin a karkace, dutsen tushe kuma yana nutsewa daga wajen mita 20 a kudu zuwa 60 da ɗoriya a arewa. Waɗannan lambobi ƙiyasi ne, domin ƙaramin dutse a kusa da babban dutse a nesa suna iya ba da alama iri ɗaya. Shi ya sa muka koma da na'urar awon lantarki, irin ta masu safiyon rijiyar burtsatse, muka gwada wuri shida, uku a kan layin, uku a wajensa. Muka kuma zauna da masu haƙa rijiya na garin, waɗanda suka faɗa mana gaba nawa ake yi a kowace unguwa kafin a taɓa dutse. A kudu maganarsu ta yi daidai da lissafinmu, a arewa ba su taɓa kai wa dutse ba, wanda shi ma shaida ne. Mai son ya leƙa can cikin ɓawon ƙasa, misali zurfin da zafi ke kai digiri 580 inda magnetait ke rasa maganaɗisunsa, awon ƙafa na kilomita 3 ba zai kai shi ba. Wannan yana bukatar a haɗa fallayen jirgi da yawa su ba da fili mai faɗin kilomita 100 zuwa 200 ko fiye, don zurfin da ake iya gani yana tafiya ne da faɗin abin da aka auna. Da irin wannan faffaɗan kallo ne ake bin sawun zoben duwatsun giranit irin na Dutse, masu shekara wajen miliyan 213, da 'yan'uwansu kamar na Riruwai a kudancin Kano inda aka daɗe ana haƙar kuza, a ga ko akwai wasunsu binne a ƙarƙashin yashi.

Game da kuɗi, farashi yana sauyawa da sauri, don haka rabon ya fi adadin amfani. Mota da mai sun cinye kusan rabin abin da muka tanada, domin zuwa neman izini kaɗai tafiya huɗu ce. Bayanan jirgi da ɗawainiyar ma'aikacin da ya bi na'urori suka biyo baya. 'Yan rakiya da mai gadi mun biya su abin da ake biyan ɗan ƙwadago a yini a garin, da ƙari a kai, da abincin rana, kuma a gaban wakilin dagaci aka yanke tun ranar farko, ana biya kowace yamma. A tanadi kuɗin kwana uku fiye da lissafi, saboda batir da guguwa da ranar kasuwa, wadda babu ɗan rakiyar da zai fito.

Bayan wata biyu mun koma da taswira biyu da aka buga a babbar takarda, ɗaya ta hakimi, ɗaya ta dagaci. An rubuta sunayen unguwanni da Hausa, an sa masallacin Juma'a da makarantar firamare da tsohuwar kuka don a gane wuri, an ja layin tsagar da jan biro, an yi da'ira a wurare biyu da awon lantarki ya fi nuna alamar ruɓaɓɓen dutse mai kauri. A ƙasan takardar an rubuta lambobin GPS na wuraren biyu da tsarin da aka ɗauke su, WGS84, da jimla ɗaya da jagoranmu ya karanta wa dagaci da baki: "Ranka ya daɗe, duk ranar da aka samu masu haƙa, a nuna musu nan su fara gwadawa, amma su sake nasu awon kafin su kafa inji."